Koko, Hawan Jini da Jijiyoyin Mai Ciwon Sukari

Ƙwayar koko, wato wadda ake yin cakulan da ita, ba kokon gero na karin kumallo ba, tana ɗauke da wasu sinadarai da masana ke kira filabanol. Su ne ke ba ɗanyar ƙwayar ɗaci da bauri, kuma su ne suka sa likitocin zuciya suka shafe kusan shekara 30 suna bibiyar wannan amfanin gona. Asalin bishiyar daga dazuzzukan Amazon na Kudancin Amurka ne, amma yau fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, Najeriya da Kamaru kuma suna cikin manyan masu nomansa. A ilimin tsirrai koko da goro 'yan dangi ɗaya ne, shi ya sa duk wanda ya san baurin goro ba zai yi baƙunta da ɗanɗanon kokon da ba a sa wa sukari ba.

Filabanol iri-iri ne. Wanda aka fi sani shi ne efikatecin, ƙaramin sinadari da hanji ke iya tsotsewa ya shiga jini cikin awa ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma manya, waɗanda ƙananan ne suka sarƙe da juna, kuma yawancinsu sai sun gangara babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can sun farfasa su kafin jiki ya amfana. Ba koko kaɗai ke da su ba. Ana samunsu a ganyen shayi da tuffa da inabi, sai dai ƙwayar koko tana cikin abubuwan da suka fi tara su.

Kafin a gane abin da suke yi, sai an san yadda jijiyar jini take. Cikin kowace jijiya, tun daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa siraran da ke cikin ido da ƙoda, akwai wata shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak. An daɗe ana ɗaukarta a matsayin rufi kawai. A 1980 wani masani ɗan Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa idan aka kankare wannan shimfiɗa, jijiya takan kasa saki ko da an zuba mata sinadarin da ya saba buɗa ta. Daga baya aka gano cewa shimfiɗar tana fitar da wata iska mai suna naitirik okisaid, wadda ke ratsawa cikin naman jijiya ta sa ya saki, hanya ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi. Wannan aiki ne ya jawo wa Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Iskar ba buɗa hanya kaɗai take yi ba: tana hana jini daskarewa inda bai kamata ba, tana kuma rage manne-mannen da ke fara toshe jijiya.

A nan ciwon sukari yake yin ɓarnarsa. Idan sukari ya daɗe da yawa a jini, ƙwayoyin shimfiɗar sukan riƙa fitar da wasu gurɓatattun sinadarai masu cinye naitirik okisaid tun kafin ya isa inda zai yi aiki. Sukarin kansa yana manne wa furotin ɗin bangon jijiya ya ƙandarar da shi, kamar tiyon roba da ya kwana biyu a rana: ruwa na bi, amma ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa. Ga kuma matsalar insulin. A jikin mai lafiya insulin yana taimaka wa jijiya ta fitar da wannan iska, amma a nau'i na 2 na ciwon, inda jiki ya daina jin insulin sosai, wannan taimako yana raguwa. Jijiyar da ba ta saki kuwa tana tilasta wa zuciya ta ƙara ƙarfin bugu, sai awon jini ya hau. Shi ya sa hawan jini da ciwon sukari suka zama tagwaye a asibitoci, kuma shi ya sa abin da ya fi kashe masu ciwon sukari ba sukarin kansa ba ne, ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, sai ciwon ƙoda ya biyo baya. Babban binciken da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 1998, wanda ake kira UKPDS, ya nuna cewa sauke awon jinin mai ciwon sukari yana rage waɗannan masifu ƙwarai. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba.

Labarin koko da awon jini ya samo tushe daga wasu tsibirai a gaɓar Panama, inda ƙabilar Kuna ke zaune. Wani likita na jami'ar Harvard, Norman Hollenberg, ya lura a shekarun 1990 cewa awon jinin mutanen tsibiran ba ya hawa da tsufa kamar yadda yake yi a sauran wurare, duk da cewa suna cin gishiri. Da farko an zaci gado ne. Sai aka auna 'yan'uwansu da suka koma birnin Panama, aka tarar nasu yana hawa kamar na kowa. Cikin abubuwan da suka bambanta su akwai koko: na tsibiri suna shan kimanin kofi 5 a rana. Labari ne mai jan hankali, amma bai isa hujja ba, domin na tsibirin sun fi cin kifi da 'ya'yan itace, sun fi motsa jiki, kuma ba sa cikin hayaniyar birni. Amfaninsa shi ne ya sa aka fara gwaji na gaske.

Hanyar da aka fi bi wajen auna lafiyar shimfiɗar jijiya mai sauƙi ce. Ana ɗaura wa mutum abin awon jini a hannu, a hura shi har jini ya tsaya na minti 5, sannan a saki. Jinin da ya kwararo da ƙarfi yana sa shimfiɗar ta fitar da naitirik okisaid, jijiyar damtse ta buɗe, a auna faɗinta da na'urar sikanin. Ta mai lafiya takan buɗe sosai, ta mai ciwon sukari takan ɗan motsa kawai. Da wannan awo aka nuna cewa bayan shan koko mai yawan filabanol jijiya takan fi buɗewa, abin yakan kai ƙololuwa bayan kimanin awa 2, sannan ya ja baya cikin wasu awoyi. A 2006 wasu masana suka ba mutane efikatecin zalla, suka ga ya yi irin aikin da kokon ya yi, kuma da aka toshe hanyar da jiki ke ƙera naitirik okisaid, amfanin kokon ya ɓace. Wannan ne ya ɗaure zancen da sinadari ɗaya da hanya ɗaya.

Gwajin da aka fi ambata game da masu ciwon sukari an yi shi a Jamus, an wallafa shi a 2008. An ɗauki mutum 41 masu nau'i na 2 da ke kan magani, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suna shan koko sau 3 a rana, kowane kofi da miligiram 321 na filabanol, ɗaya kashin suna shan koko mai kama da shi a ido da baki, amma da miligiram 25 kacal. Bayan kwana 30 buɗewar jijiyar kashin farko ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Adadin yana da daɗin ji, kuma jaridu sun yi ta yayata shi, amma ya kamata a san ma'anarsa: jijiyar da a da take buɗewa da kimanin kashi 3 cikin 100 na faɗinta ta koma buɗewa da kimanin kashi 4. Ci gaba ne na gaske, a jikin mutanen da ke shan magungunansu tuni. Sai dai a wannan gwajin awon jini bai sauka ba, sukarin jini ma bai canza ba. Wannan ɓangaren ne masu talla suka fi tsallakewa.

To, awon jinin fa? A nan sakamakon ya rarrabu. A birnin Kolon na Jamus, wani gwaji da aka wallafa a 2007 ya ba rabin dattawa 44 masu ɗan hawan jini giram 6.3 na baƙin cakulan kullum, wato ɗan guntu guda, har mako 18. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da maki 2.9, ta ƙasa da maki 1.9, alhali waɗanda aka ba farin cakulan, wanda ba shi da filabanol, ba su ga canji ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta haɗa bincike 35 da suka ƙunshi mutum 1,804. Abin da ta samu shi ne saukar kimanin maki 2 a sama da maki 2 a ƙasa. Ga masu hawan jini saukar lambar sama ta kai wajen maki 4, ga masu lafiyayyen awo kuwa kusan babu komai. Duk gwaje-gwajen gajeru ne, daga mako 2 zuwa 18.

Maki 2 zuwa 4 ba abin rainawa ba ne idan ana maganar al'umma gaba ɗaya, domin ƙaramar sauka a awon miliyoyin mutane tana rage adadin masu shanyewar jiki. Ga mutum ɗaya da awonsa ya kai 160 bisa 100 kuwa, lissafin daban ne. Ana cewa mutum yana da hawan jini daga 140 bisa 90, kuma likitoci da yawa suna so mai ciwon sukari ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80. Tazarar maki 30 ba ta rufuwa da kofin koko. Ƙwayar magani ɗaya irin su amlodipine ko lisinopril takan sauke ninkin abin da koko ke saukewa, kuma rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, yakan yi daidai da koko ko ya fi shi, ba tare da an sayi komai ba.

Akwai ma alamar cewa idan magani ya riga ya yi aikinsa, koko ba ya samun wurin ƙarawa. Wani gwaji a Jamus a 2018 ya ba wasu daga cikin mutum 42 masu ciwon sukari da hawan jini, waɗanda magani ya daidaita su, giram 2.5 na garin koko mai yawan filabanol kullum har mako 12. Ba a ga bambanci a awon jini ko sukari ko kitsen jini ba.

Batun sukarin jini ya fi na awon jini rauni. Wasu ƙananan gwaje-gwaje a Italiya, a 2005 da 2008, sun nuna cewa cin giram 100 na baƙin cakulan kullum na kwana 15 ya sa jiki ya fi jin insulin, amma mutanen ba su kai 20 ba a kowane gwaji, kuma giram 100 na cakulan a rana abu ne da babu likitan da zai rubuta wa mai ciwon sukari. A birnin Norwich na Ingila an yi wanda ya fi tsawo: mata 93 masu ciwon sukari da suka daina al'ada suka kammala shekara guda, wasunsu suna cin giram 27 na wani cakulan na musamman kullum. Jikinsu ya ɗan ƙara jin insulin, mugun kitsen jini ya ɗan ragu. Amma an haɗa cakulan ɗin da sinadaran waken suya, don haka ba a iya cewa koko ne kaɗai ya yi aikin.

Gwaji mafi girma shi ne wanda ake kira COSMOS, wanda asibitin Brigham da ke Boston a Amurka ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2022. Mutum 21,442 suka shiga, mata daga shekara 65, maza daga 60. Rabi suna haɗiyar ƙwayoyi masu miligiram 500 na filabanol ɗin koko kullum, rabi suna haɗiyar na bogi, har tsawon kimanin shekara 3 da rabi. Babbar tambayar gwajin ita ce ko za a samu raguwar cututtukan zuciya da jijiya gaba ɗaya. An samu raguwar kashi 10 cikin 100, amma a ƙa'idar lissafi ba ta kai a kawar da yiwuwar dace ba. Mace-mace ta dalilin zuciya da jijiya sun ragu da kashi 27 cikin 100, sai dai wannan tambaya ce ta gefe, kuma masu binciken da kansu sun ce tana buƙatar a sake tabbatar da ita. Da aka duba ko ƙwayoyin sun hana mutane kamuwa da ciwon sukari, amsar da aka wallafa a 2023 ita ce ba su hana ba.

Wani bincike na Harvard da ya fito a ƙarshen 2024 ya bi bayanan abincin mutane kusan 192,000 na shekaru masu yawa, ya ga cewa masu cin baƙin cakulan sau 5 ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da nau'i na 2 da kashi 21 cikin 100, masu cin mai madara kuwa ƙiba suka ƙara. Irin wannan bincike kallo ne kawai, ba gwaji ba. Mai zaɓar baƙin cakulan a Amurka sau da yawa mutum ne mai kula da cimarsa ta wasu fuskoki, kuma lissafi ba ya iya tsame wannan duka. Idan kallo da gwaji suka saɓa, gwaji ne ke da rinjaye. Yana da kyau kuma mai karatu ya san cewa kamfanin cakulan na Mars ya zuba kuɗi a bincike da yawa na wannan fanni, har da COSMOS. Hakan bai mayar da sakamakon ƙarya ba, amma dalili ne na karanta shi da ido biyu.

Hukumomi ma sun yi taka-tsantsan. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a rubuta cewa miligiram 200 na filabanol ɗin koko a rana yana taimaka wa jijiya ta riƙe saukin buɗewarta, kuma ana iya samun wannan a giram 2.5 na garin koko mai yawan filabanol ko giram 10 na baƙin cakulan irinsa. Ba ta ce yana maganin hawan jini ba. A 2023 takwararta ta Amurka ta yarda a ambaci rage haɗarin ciwon zuciya a jikin irin wannan garin, da sharaɗin a rubuta cewa hujjar kimiyyar kaɗan ce ƙwarai.

Babbar matsalar tana tsakanin gona da kanti. Duk matakin da ake bi don koko ya yi daɗi yana cin filabanol. Manomi a Gana ko Ondo yakan fasa kwanson, ya tara ƙwayoyin ya lulluɓe da ganyen ayaba na kusan mako guda su ruɓa, sannan ya shanya. Wannan ruɓar ce ke fito da ƙamshin cakulan, kuma ita ce ke fara kashe baurin. A masana'anta a soya, wani kaso ya sake tafiya. Sai mataki na uku, wanda ake dangantawa da Coenraad van Houten na Holan, mutumin da gidansu ya yi rajistar injin matse man koko a 1828: ana wanke kokon da sinadari mai kaifin kanwa don ya yi duhu, ya yi laushi a baki, ya saje da ruwa. Wani awo da aka wallafa a 2008 ya nuna garin da ba a yi wa haka ba yana da kimanin miligiram 35 na filabanol a kowane giram, wanda aka wanke sama-sama yana da 14, wanda aka wanke sosai bai kai 4 ba. Ke nan duhun gari ba shaidar ƙarfinsa ba ne, sau da yawa ma akasin haka ne: garin da bai sha wanki ba ya fi haske, ya fi ɗaci.

Lambar da ake bugawa a jikin cakulan, kamar kashi 70 ko 85 cikin 100, tana faɗin yawan abin da ya fito daga ƙwayar koko ne, har da mansa, ba yawan filabanol ba. Abin da ta fi nunawa shi ne sauran: a cakulan mai kashi 70, mafi yawan ragowar kashi 30 ɗin sukari ne. Cakulan mai madara kusan rabinsa sukari ne, fari kuwa man koko ne da madara da sukari. Giram 100 na baƙin cakulan yana ɗauke da kalori 550 zuwa 600, fiye da rubu'in abin da babban mutum ke buƙata a yini. Abubuwan sha na gwangwani irin su Milo da Bournvita, waɗanda su ne hanyar da koko ya fi shiga gidaje da teburan masu shayi, haɗin malt ne da madara da sukari da ɗan koko. Mai ciwon sukari da ya ji an ce koko na gyara jijiya ya ƙara cokali a kofinsa, ya kuma zuba madarar gwangwani mai zaƙi, sukarin jininsa zai hau nan take, filabanol ɗin da zai samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Wanda yake son gwadawa, abin da ya fi kusa da na masu bincike shi ne zallan garin koko marar sukari wanda ba a wanke ba, cokalin shayi 1 zuwa 2 a ruwan ɗumi. A Gana ana sayar da irinsa a matsayin garin koko na asali, kuma hukumar koko ta ƙasar ta daɗe tana kiran jama'a su riƙa sha. Idan cakulan ne, guntu na giram 10 zuwa 20 mai kashi 70 ko sama, a lissafa shi cikin abincin yini, ya maye gurbin wani abin zaƙin maimakon ya hau kansa. Abin da aka haɗa shi da shi ma yana da tasiri: wani gwaji a 2023 ya nuna cewa markaɗa filabanol tare da ayaba yana rage abin da ke shiga jini da fiye da kashi 80 cikin 100, saboda sinadarin da ke sa ayaba ta yi baƙi idan an ɓare ta yana lalata shi. Tun da amfanin yana gushewa cikin awoyi, shan sau ɗaya a mako ba ya barin wani tasiri a jijiya.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Koko yana da tiyoburomin da ɗan kafeyin, irin sinadaran da ke cikin goro, don haka yana iya hana barci ko sa faɗuwar gaba ga mai saurin jin su, yana kuma tayar da ƙwannafi. Yana da sinadarin okzalet mai yawa, wanda ke taimakawa wajen haɗuwar tsakuwar ƙoda. Yana da fotasiyam da fosfaras, waɗanda ake taƙaita wa wanda ƙodarsa ta yi rauni, kuma raunin ƙoda abu ne da ya yawaita ga wanda ya daɗe da ciwon sukari. Idan irin wannan mutum yana shan lisinopril ko danginsa, waɗanda su ma ke tara fotasiyam a jini, sai ya tambayi likitansa kafin ya mayar da koko abin kullum. Ana kuma samun ƙarfe masu guba, kadmiyam da dalma, a wasu kayan koko. Kadmiyam daga ƙasar noma yake shiga, ya fi yawa a kokon wasu yankunan Kudancin Amurka fiye da na Afirka ta Yamma, kuma Tarayyar Turai ta sa masa iyaka a cakulan tun 2019. Dalma kuwa takan hau ƙwayar ne daga ƙura lokacin shanya, musamman a bakin titi.

Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ba ya rage ƙwaya ko ya daina don ya fara shan koko. Idan yana da na'urar awo a gida, zai iya auna jininsa safe da yamma na mako guda kafin ya fara, ya sake yin haka bayan wata ɗaya ko biyu, ya kuma duba sukarinsa awa 2 bayan ya sha, sannan ya kai wa likita lambobin a ranar asibiti.